Yayan matata zai sayar mini da babur, amma takardun ba sunansa ba ne a kai

Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne, ina zaune a Sawaba a nan Kumasi, shagona kuma yana wajen Alabar. Kullum ina kan hanya: in kai ɗinki Tafo, in kai Ayigya, in shiga Kejetia sayen zare da yadi, da yamma in ɗauko yara daga Islamiyya. Kuɗin trotro (ƙananan bas na haya) da pragya (keke mai ƙafa uku na haya) sun ishe ni. Ni da maiɗakina mun yi adashi mun tara sidi 9,000, kusan sulusin kuɗin nata ne, daga cinikin koko da ƙosai. Na tambayi sabon Boxer aka ce mini ya haura 15,000. Sai yayan matata ya ce zai bar mini nasa a 8,500. Shekara uku yana aikin kai saƙo da shi, yanzu pragya yake so ya saya. Babur ɗin yana tashi, fentinsa ma bai mutu ba. Matsalar ita ce takardun suna ɗauke da sunan wanda ya sayar masa, shi kuma ya koma garin Bawku can arewacin Ghana, inshorar ma ta ƙare. Ina jin nauyin in ce zan kawo makanike ya duba, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba. Mahaifiyata kuma ba ta son zancen babur ko kaɗan. A ba ni shawara: in saya, ko in haƙura sai na tara kuɗin sabo?

Ɗan'uwanku daga Sawaba

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa sana'a albarka, ya saka wa maiɗakinka da alheri.

Babur na hannu ba abin gudu ba ne, kuma ga mai sana'a irin taka zai iya biyan kansa. Amma wannan na Yaya, a wannan farashi da waɗannan takardu, kada ka miƙa ko sidi ɗaya tukuna. Sai an gyara takarda, an duba inji, an kuma rage kuɗi. In ɗaya ya gagara, ka bar masa abinsa.

Amfanin na hannu kai ma ka san shi, shi ya sa zuciyarka ta tafi can. Sabon babur ranar da aka ɗaura masa lamba ya taka kwalta, ranar darajarsa ta fara sauka, wanda ya saya a hannu kuwa ya bar wa na farko wannan asarar. Boxer, wanda kamfanin Bajaj na Indiya ke ƙerawa, ba baƙo ba ne a Kumasi. Daga Alabar ɗinku har Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara, babu abin da zai lalace a jikinsa da za ka nema ka rasa, kuma ko yaron da ke koyon aiki a gaban masta ya san cikinsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na sha ganin mutum ya sayi ƙaton babur na ƙasar waje da araha, yana ta ƙyalli, sai wani ɗan mitsitsin abu ya ƙone a wayarin, babur ya yi wata da watanni a jingine a zaure ana jiran a kawo daga Accra ko Lome. Ga kuma lokaci. Tela a goman ƙarshe na azumi, awa ɗayan da zai ɓata a cunkoson unguwar Dr. Mensah ko shataletalen Suame, riga guda ce ta tafi. A 2023 da hukumar birni, KMA, ta taƙaita shigar pragya tsakiyar gari, kowa ya ga yadda wanda ba shi da abin hawansa ya sha ƙafa da kaya a ka. Jira har ka tara na sabo ma ba tabbas ba ne, don duk baburan nan shigo da su ake yi, farashinsu yana bin dala da kuɗin fito, ba ya jiran adashin kowa.

To amma zauna mu yi lissafi. Kana da 9,000. Ka ba Yaya 8,500, saura 500. A cikin 500 ɗin nan za ka biya kuɗin canjin suna a DVLA, hukumar lasisi da rajistar ababen hawa, ka sabunta inshorar da ta ƙare, ka karɓi rodwodi, takardar shaidar lafiyar abin hawa. Ba ka ce mini kana da lasisi ba, kuma babur lasisinsa daban ne, mai harafin A. Na mota ba ya tsaya masa. Hular kwano biyu, taka da ta wanda za ka goya, don dokar hanya ta 2004 ta wajabta ta a kan ku biyun. Kwaɗo da sarƙa mai kauri na ɗaurewa da dare. Duk wannan ba a taɓa babur ɗin kansa ba tukuna. Abin hawan da ya yi shekara uku yana kai saƙo, ban da shekarun da ya yi a hannun mutumin Bawku, ko da injinsa lafiya lau yake, sarƙa da sufuroket (faifan haƙoran da sarƙa ke hawa), birki, baƙin mai, fulogi, wataƙila taya ɗaya da batir, suna nan suna jiranka a watan farko ko na biyu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sidi 500 ba za ta kai ka ko'ina ba. Abin da zai faru shi ne ka hau ba inshora ba lasisi kana cewa sai ƙarshen wata, kana bin lunguna don kauce wa 'yan MTTD, wato 'yan sandan kula da hanya, ko ka ci bashi, ko ka taɓa kuɗin yadin da mutane suka ba ka kafin Sallah. Na ƙarshen nan kuwa shi ke zubar da mutuncin tela a unguwa.

Ni dai duk mai sayen na hannu, ina ce masa ya ware kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke hannunsa, ko ma cikin huɗu, ya ajiye kamar babu shi. Kenan kuɗin sayen babur ɗinka wajen 7,000 ne, ba 9,000 ba. Da wannan adadin za ka shiga kowane ciniki, na Yaya ko na wani.

Yanzu takardu, abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarka. A idon hukuma babur ɗin nan ba na Yaya ba ne, na wanda sunansa ke rajistar DVLA ne. Yaya zai karɓi kuɗinka ya miƙa maka makulli, amma ba zai iya sa hannu a mayar da suna gare ka ba, don shi ma bai taɓa mallakarsa a takarda ba. Canjin suna yana neman mai sunan ya tsaya da Ghana Card ɗinsa, wato katin ɗan ƙasa, ko ya ba da wakilci a rubuce, a kawo babur ɗin a gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke fayil. Mutane da yawa a zango suna tsallake wannan. Sai ka ga babur ya wuce hannu huɗu da takardar mutum na farko a naɗe a leda, ana cewa ai duk mun san juna. Haka ake zaune lafiya har ranar da wani abu ya faru.

A ce an sace shi a ƙofar masallaci ranar Juma'a. Ka je ofishin 'yan sanda, su ce kawo takarda, ka kawo, sunan wani ne. Ko da an gano babur ɗin, kafin a sallama maka shi sai ka yi ta zirga-zirga kana neman mai sunan. A ce kai ne ka tashi sayarwa nan da shekara biyu, mai saye mai hankali zai yi maka irin tambayar da nake maka yanzu, ya karya farashi. A ce mutumin Bawku ya riga mu gidan gaskiya, maganar ta koma ta magada. Sai kuma wadda ta fi duka muni. Ban ce Yaya ya sayi kayan sata ba, ban kuma ce mutumin can ɓarawo ne ba, amma shi Yaya ya bincika lokacin da ya saya? Babura da yawa ta Togo suke shigowa, ta Aflao a kudu da ta Sinkasi a arewa, nan kusa da Bawku ɗin. Wasu an biya musu kwastan, wasu ta bayan gida aka bi da su, a zo a ɗaura musu lambar wani babur da ya mutu. Dokar laifuffuka ta Ghana ta 1960 ta yi wa wanda ya karɓi kayan sata da saninsa hukunci ɗaya da ɓarawon. Kai ba da saninka ba ne, na yarda, amma kafin ka gamsar da hukuma kana iya kwana a bayan kanta, babur ɗin kuma ya zauna a harabar ofishinsu rana da ruwa suna dukansa.

Don haka ka roƙi Yaya ya fito da duk abin da ke hannunsa, na asali ba fotokwafi ba: takardun rajista, da takardar kwastan ko rasit ɗin shagon da aka fara sayensa. Sannan ka durƙusa da kanka. Lambar shasi tana buge a wuyan babur, inda kan ke juyawa, ta inji kuma tana jikin injin daga ƙasa, wajen giya. Ka goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, ka haska da fitilar waya, ka karanta harafi-harafi, wani yana riƙe da takarda yana bi. Ka shafa da ɗan yatsa. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya. In ka ji wurin ya yi kwari kamar an kankare, ko wani harafi ya karkace daga 'yan'uwansa, ko an shafa sabon fenti a wuyan kaɗai alhali sauran jikin ya koɗe, ka miƙe ka kakkaɓe gwiwa ka yi sallama. In lambar shasi ta yi daidai ta inji ta saɓa, wataƙila an taɓa canza inji ne, kuma hakan ba laifi ba ne, sai dai dole a san inda injin ya fito a kuma shigar da shi a fayil.

Nemo mutumin Bawku aikin Yaya ne, kuma kafin kuɗi su fita daga hannunka. In kuɗi suka riga suka shiga, aka sayi pragya, daga nan "ina nan ina nemansa" za ka riƙa ji har shekara ta zagayo. Ba mugunta ba ce, haka ɗan Adam yake: wanda buƙatarsa ta biya ƙafarsa nauyi take yi. Ranar da za ku DVLA kuma ku shige ciki ku bi layi, ku bar yaran nan da ake kira goro boys da ke tare mutane tun daga bakin titi. Inshora kuwa, in ka biya, ka danna *920*57# a wayarka ka sa lambar babur ɗin. Tun 2020 hukumar inshora ta ƙasa, NIC, ta buɗe wannan rumbun don mutum ya tabbatar ba ta bogi aka ba shi ba. Ka kuma sani cewa ƙaramar inshorar da dokar 1958 ta wajabta, wanda ka buge take biya wa. Ba za ta saya maka wani babur ba in an sace naka.

Sai maganar nauyi. Na fahimce ka sarai. Da ƙanin matarka ne, abokin wasanka ne, sai ka ce masa ya turo gwangwanin nan nasa a duba, a yi dariya a wuce. Wa kuwa suruki ne, ba a ɗaga masa ido. Amma dubi gaba kaɗan. Yau magana ɗaya kake jin nauyin faɗa. In bayan wata biyu inji ya buga, makanike ya ce sai an sauke shi, wa za ka gaya wa? Ba za ka iya tunkarar Yaya ba, ba kuma za ka iya haɗiyewa ba, sai abin ya sauka a kan matarka a cikin ɗaki: ga abin da ɗan'uwanki ya yi mini. Ita kuma kuɗin kokonta ya tafi, ga ta a tsakanin miji da wa, ba ta san inda za ta juya ba. Ranar suna ko biki ku haɗu da shi a tabarma ɗaya kuna gaisuwa sama-sama. Wannan ya fi tambayar yau ciwo nesa ba kusa ba.

Kuma akwai yadda ake faɗa ba tare da an soki kowa ba. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce: "Yaya, kun san ni allura da almakashi na sani, babur ban san kansa ba. Ina so in kawo makanike ya duba ya faɗa mini abin da zan tanada na gyara, don kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, akwai na ƙanwarku a ciki. Maganar suna kuma, in za a samu mutumin nan a gyara, hankalinmu duka zai kwanta." Ka ga ka ɗora laifin a kan rashin saninka, ka kuma tuna masa cewa ƙanwarsa ce za ta yi asara. In bakinka ba zai iya ba, ka nemi dattijon da ku biyun kuke jin kunyarsa, ko amininsa, ya shiga tsakani. Matarka dai kada ka mayar da ita 'yar aike a cikin wannan ciniki. Addini ma yana bayanka: wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta ce a kafa shaidu in an yi ciniki. Ba ta cire 'yan'uwa da surukai ba. Mutumin kirki ba ya jin haushin a duba kayansa. In Yaya ya fusata don an ce za a duba, to ka riga ka samu rabin amsarka.

Makaniken ya zama naka, ba wanda ke yi wa Yaya aiki ba, ba kuma wanda zai ci la'ada in ciniki ya faɗa ba. Ka biya shi kuɗin wahalarsa a fili, ko an saya ko ba a saya ba. Ku je da sassafe, kafin a tayar da babur ɗin. Ka ɗora tafin hannunka a kan inji ka ji sanyinsa. In da ɗumi, an riga ku, ku dawo gobe, domin inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa. Lafiyayye bugun kik ɗaya ko biyu ya ishe shi, ya tashi ya zauna da kansa ba sai an riƙe masa totur ba. Ka tsaya ta baya ka kalli salansa lokacin da aka murɗa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin yana cin baƙin mai, ringi ko fistan sun gaji, aikin buɗe inji kenan. Ka kasa kunne. Ɗan ƙas-ƙas daga sama yawanci saiti ne kawai, amma ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasa, wadda ke ƙaruwa in an ba shi wuta, kuɗi ne masu yawa. A zaro sandar gwada mai a murza tsakanin yatsu. In ya yi kauri fiye da kima, wasu suna zuba mai kauri don rufe ƙara. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. Ku da ke kusa da rafin Aboabo kun san abin da damina ke yi, don haka a ɗaga kujera a duba ko akwai busasshen taɓo da tsatsa a mahaɗar wayoyi. Babur da ya taɓa nutsewa, wutarsa ba ta sake zama daidai.

Mita kada ka kula ta, cire wayarta ba ya ɗaukar minti biyu. Robar matakin ƙafa da fedar birki su ne ba sa ƙarya; in sun sha ƙasa sun yi sulɓi, tafiyar ta yi nisa ko me mita ta ce. Haƙoran sufuroket in sun yi tsini sun lanƙwashe gefe guda, sun gama. Ka ja sarƙa daga bayan sufuroket ɗin, in ta ɗago har ka hangi haske a ƙarƙashinta, ita ma ta gama, kuma tare ake canza su. A ɗora shi a kan babbar tsayuwa, a danne baya gaba ya ɗaga, a juya kai hagu da dama: ya tafi sumul, ba tare da ya sarƙe a tsakiya ba. A duba ko shokozoba na gaba suna zubar da mai. Ka koma baya da ɗan nisa ka tsuguna ka kalli tayoyin biyu, su hau layi ɗaya. In ta gaba ta leƙo gefe, ya taɓa cin karo, ƙashinsa ya goce. Tunda aikin kai saƙo ya yi, a leƙa ƙarƙashin ƙarfen ɗaura kaya na baya da ƙarƙashin tanki a nemi tabon walda, nan ne kaya masu nauyi ke tsaga ƙarfe. A gefen taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye: 2319, misali, mako na 23 ne na shekarar 2019. Taya takan tsufa ta tsattsage ko da zanenta bai cinye ba. A ƙarshe makaniken ya hau, ya goya ka, ku nemi hawa. In inji yana ihu babur ba ya gaba, kuloci ya tafi. In giya tana fita da kanta, a nan ma sai an buɗe.

Fentin da ka yaba, shi ne abu mafi araha a jikin babur.

Duk abin da makanike ya lissafa ya sa masa kuɗi, shi ne bakinka a ciniki. Ba kai ka ce babur ɗin bai kai 8,500 ba, takarda ce ta ce. Ka nuna wa Yaya cikin ladabi, ka faɗi abin da za ka iya. In kun daidaita, biya ya kasance ranar canjin suna, ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ko banki don a samu shaida, a kuma rubuta 'yar yarjejeniya da lambar shasi da ta inji da adadin kuɗi, mutum biyu su sa hannu, ɗaya daga ɓangarensa ɗaya daga naka.

Wani zai ce maka ka ɗauki sabo a tsarin nan na yi aiki ka biya, kana zubawa mako-mako. Wannan na wanda ke kan babur daga safe zuwa dare ne, kuma in ka haɗa jimillar zubin za ka ga ta zarce kuɗin hannu da nisa. Kai kekenka na ɗinki ne ke kawo kuɗi, babur hidima zai yi masa. Wani kuma zai ce ka riƙa ɗan taɓa okada da dare don ka mayar da kuɗinka. Ƙa'idojin hanya na 2012 a lokacin da aka kafa su sun hana ɗaukar fasinja a babur don kuɗi, suka bar aikin kai saƙo, kuma ko da sauye-sauyen da ake yi wa dokar, ɗaukar fasinja sana'a ce mai nata sharuɗɗan, inshorar babur na gida ba ta rufe ta. Kada ka sa wannan kuɗin a lissafinka.

Hajiya kuwa ba ta yi kuskure ba. Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya sashen haɗari a asibitin Komfo Anokye ya ga samari da ƙarafa a ƙafa, ya san abin da take tsoro. Kai kuma hannunka da ƙafarka su ne jarinka; tela da karyayyen hannu wata uku ba ɗinki, ba mai biyan hayar shago. Kada ka saya a ɓoye ta gani a ƙofar gida. Ka je mata da lasisi a hannu da hular kwano ta gaske, mai ɗaurin haɓa, ba irin ta leburorin gini ba. Ka yi mata alƙawarin da za ka iya cikawa: ba tuƙin dare a watannin farko, ba kutsawa tsakanin manyan motoci, in hadari ya haɗu ka tsaya, don ruwan farko a kan kwalta santsi ne. Ka fara koyo a fili da lungunan unguwa kafin ka tunkari Anloga Junction. Ka nemi albarkarta, in ta ce a ɗan dakata, a dakata, ai takardun ma ba su kammala ba.

Abu ɗaya a wasiƙarka ban yarda da shi ba ko kaɗan, ɗauko yara daga Islamiyya. Na san ana yi, ɗaya a kan tanki biyu a baya, babu mai hula. Sabon mai koyo, a kan tsohon babur, da magariba, da yara uku? A'a. Su ci gaba da zuwa yadda suke zuwa, kuɗin pragyarsu ya zauna a lissafin wata.

Maiɗakinka ka zaunar da ita ka nuna mata lissafin nan duka, har da dalilin da ya sa ba za ka biya yayanta 8,500 yau ba, don ta ji daga bakinka kafin ta ji daga gidansu. Ku kuma yanke tun yanzu, sulusin nan nata rance ne da za ka mayar, ko kyauta ce, ko tana da rabo a babur ɗin. Kada a bar shi a duhu.

Ka ba Yaya wa'adi mai sauƙi, kamar wata ɗaya. In mutumin Bawku ya samu, makanike ya ce inji da ƙashi lafiya, kuɗi suka sauko kusa da 7,000, saya, ka samu babur da ka san wanda ya hau shi. In bai samu ba, ka ce masa Allah bai yi ba, ka yi masa addu'ar samun pragya mai albarka, ya kai nasa kasuwa. Kuɗinku su zauna a banki, ba a aljihu ba, adashi ya ci gaba, ka kuma sa makanikenka ya riƙa saurara maka. Irin wanda za ka nema shi ne na malamin makaranta ko ma'aikacin ofis, wanda gida da wurin aiki kawai yake zuwa da shi, hannu ɗaya, sunansa a takarda, kuma zai bi ka DVLA da ƙafarsa.